Ƙoran Zainaba Goma Sha Ɗaya

Gidan Rumji, 12 ga Oktoba 1992

Zuwa ga Yaya Iro,

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Rukaiya da yara, da 'yan lakol, wato makarantar da kake shugabanta a Gazawa. Ina fatan an kai gero rumbu lafiya.

Na rubuto ne game da baje kolin da ɗakin zane na Gidan Al'adu zai buɗe ranar 18 ga Disamba. Kai ne sakataren kwamitin da ke kula da mu, don haka ta hannunka maganata za ta fi saurin isa. Atiliyen da na buɗe, wato zaman koyon aiki tare, yana tafiya. Akwai masu zane biyu daga Maraɗi, da mata huɗu masu saƙar faifai daga Gidan Sori, da wani maƙeri mai haɗa surori da tsofaffin ƙarafan amalanke. Kwamiti ya ce taken bana shi ne sulhu. Masu zanen sun kawo mini tantabaru uku da hannuwa biyu suna musabaha. Ban hana su ba, amma ban ga abin da zai tsai da mutum a tsakiyar ɗaki ba.

Ranar kasuwar da ta wuce, wata Bafillatana mai suna Zainaba ta shigo da ƙunshi a ka. Tana cikin waɗanda suka tsira daga rugar da aka ƙone a kakar bara. Ka san wadda nake nufi, ka kuma san daga wane gari waɗanda suka je suka fito. Yanzu tana zaune wajen danginta kusa da Cadakori. Ta kwance zanen ƙunshin, sai ga sakainar ƙwarya tari, wasu da zanen wuta irin nasu, wasu sun yi baƙi saboda gobara. Ta ce an gaya mata nan ne gidan da ake ajiye abu don mutane su gani. Na ce haka ne. Ta ce, "To, ga wannan. A sa inda ido zai faɗa." Ni kuwa ban tambaye ta komai ba.

Na kira Baba Chindo, tsohon gyartai da ke ɗinkin ƙwarya a bakin kasuwa. A zama ɗaya ya tantance sakainar, ya ce ƙorai goma sha ɗaya ne. Shawarata ita ce ya ɗinke su a cikin ɗakin, a gaban 'yan atiliye, ya bar ta ƙarshe har ranar buɗewa, ya ƙarasa ta a gaban baƙi. Ina ganin ba za mu buƙaci jawabi ba.

Ina roƙon ka gabatar da wannan ga kwamiti. In ka je gida kafin ni, ka gaida Inna.

Ƙanenka,
Nomau


Gazawa, 21 ga Oktoba 1992

Nomau ƙanena, Mushe Darekta in ji masu Faransanci,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya lau, sai dai Rukaiya ta ce tun da aka ba ka buro, ofis mai labule, ka manta hanyar Gazawa.

Takardarka ta iso ran Jumma'a, ran Litinin na karanta ta gaban kwamiti. Kafin in kai ƙarshe shugaba ya fara gyaɗa kai. Ashe shekara biyar ɗin da ka yi a jami'ar Yamai kana auna gindin ƙwarya ba a banza ka yi su ba. An amince. Purefe mai mulkin jiha zai turo tawaga, kowace jam'iyya za ta aiko wakili, kuma an riga an kai takardun gayyata wajen bugu da sunan aikinka a sama: ƙorai goma sha ɗaya da aka ɗinke.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa a kwamiti ba. Mutum tara na garinmu suna tsare tun bara kan maganar rugar nan, cikinsu har da ɗan Kawu Tala, shari'a kuma ta ƙi zama. Duk ranar da na je gida, Kawu sai ya riƙe mini hannu. In manya suka zo suka ga ƙoran nan sun haɗu, ita Bafillatanar tana tsaye a gefe, zukata za su yi sanyi, dattawanmu su sami ƙofar da za su bi su yi roƙo. Ka taimaki gida ba tare da ka sani ba.

Ranar da ake neman wanda za a ba ɗakin nan, ni na tsaya na ce ƙanena ba shi da surutu amma ba ya kuskure. Ga shi ka fitar da ni kunya. Ka gaida tsohon, ka ce masa ya wasa basillarsa.

Wanka,
Iro


Gidan Rumji, 9 ga Nuwamba 1992

Zuwa ga Yaya Iro,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na yi kwana uku ina juya yadda zan fara wannan takarda. Na ga ya fi in bi abin yadda ya faru.

Ranar da Baba Chindo zai soma aiki, ya tambaye ni ko mai su ta ce a ɗinke. Na ce ta bar mini su. Ya dube ni, ya ce in haka ne ke nan ta bar kiwo. Ban ga abin da ya haɗa maganar da kiwo ba, ban kuma tambaya ba. Ya zaɓi babbar cikinsu, ya yi kwana tara a kanta da basilla da zaren kaba. Aiki ne da ban taɓa ganin irinsa ba. Matan Gidan Sori sukan ajiye saƙarsu su zo su tsaya a kansa.

Ranar kasuwa Zainaba ta dawo. Na tare ta da murna, na kai ta wajen ƙwaryar. Ta ɗauke ta, ta bi ɗinkin da yatsa ta ciki, tun daga baki har gindi. Ta ajiye, ta fita. Na ɗauka kuka ta je yi. Jim kaɗan ta dawo da gero ƙulle a bakin zanenta, ta juye shi a cikin ƙwaryar, ta tura ta gaban ƙafafuna.

"Ga ta nan," in ji ta. "Ta zama taku."

Bayan ta tafi, tsohon ya yi mini bayani. Ƙwaryar tatsa in aka ɗinke ta, nono yana shiga hudojin ya maƙale, ya ɓata duk wanda aka ƙara zubawa. Bafillatana ba ta sake tatsa a cikinta. Sai ta ba matan manoma su riƙa aunar hatsi ko dusa. Duk ɗinkakkiyar ƙwaryar da muka tashi muna gani a ɗakin Inna, ta haka ta shigo gidanmu. Ya ce, "Kai da aka ce ka yi karatun ƙwarya, Malam, na ɗauka ka sani."

Na rubuta shafi ɗari da ashirin a kan zanen da ke bayan ƙwarya. Ban taɓa tambayar abin da ake zubawa a cikinta ba. Abin da na kira sulhu, a idon matar nan ga yadda yake: mutanenmu sun fasa mata ƙwaryar nono, ɗansu kuma ya sa an mai da ita ta hatsi.

Na dakatar da aikin. Goma suna nan yadda ta kawo su. Ina roƙon ka sanar da kwamiti cewa abin da aka buga a takardun gayyata ba zai yiwu ba, kuma laifin nawa ne.

Ƙanenka,
Nomau


Kusa da Cadakori, 14 ga Nuwamba 1992

Zuwa ga Malam Nomau mai gidan kallo,

Mai rubutu shi ne Jaye mai allurar shanu. Maganar ta Zainaba ce, yadda ta faɗa haka na sa.

Ina gaishe ka. Ina gaida tsoho mai basilla, ka ce masa ba ni da fushi da shi, aikin da aka ba shi ya yi.

Ƙoran nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mu goma sha ɗaya muke tatsa a rugar nan. Mu uku muka rage. Da wuta ta mutu, ni na koma na tsince. Kowace mace da zanenta, na san ta kowa. Wadda kuka ɗinke ta ɗiyata Fauziyya ce. Ni na zana mata ita da hannuna.

Ban kawo don a gyara ba. Da gyara nike so, akwai gyartai a Cadakori, ba sai na yi tafiyar wuni ba. Na kawo don wanda ya fasa ya gani, wanda bai fasa ba shi ma ya gani.

Goman da suka rage, ko ka sa su yadda suke, ko ka ƙulle mini a zanena in zo in ɗauka. Geron nan kada a zubar, kada a ci. Inda yake nan ya kamata ya zauna.

Ka huta lafiya.

Zainaba


Gazawa, 24 ga Nuwamba 1992

Nomau,

Gaisuwa. Lafiyarmu lau, ban da ciwon kan da ka aiko mini a ambulan.

Na kai maganarka kwamiti, na sha abin da na sha. Takardun gayyata sun riga sun isa kowane buro daga Maraɗi har Agye. Kwana takwas bayan buɗewarka za a jefa ƙuri'a kan sabon tsarin mulki, gari cike da 'yan jam'iyya masu neman abin da za su hau tebur su yi ihu a kansa. A wannan lokaci kake so ka baje fasassun ƙorai masu baƙin wuta a gaban tawagar purefe? Wani a kwamiti ya ce wannan ba baje koli ba ne, ƙara ce aka shigar ba alƙali. Hukuncinsu guda ne: ko a ga goma sha ɗaya a ɗinke, ko kada a ga ko ɗaya. In ka ƙi, za a karɓi makulli.

Yanzu ka saurari wanka, tunda ni ban yi jami'a ba amma na san yadda ake fita daga rami. Ka mayar wa matar kayanta, ka ba ta haƙuri. Ka samo sabbin ƙorai goma, ka sa mai gadi ya taka su, ka ɗan bi su da hayaƙi, Chindo ya ɗinke. Ka jera su bayan ta gaskiyar. Wa zai tsuguna ya sunsuna ƙwarya a gaban manya? Ita ta sami abinta, kwamiti ya sami nasa, kai kana kan kujerarka.

Ka tuna da Kawu Tala. Ka tuna Inna a garin nan take ɗibar ruwa, a rijiya ɗaya da uwayen mutum tara. In aka ce ɗanta ne ya baje asirin gari a tabarma, kai kana Gidan Rumji, ita ce za ta ji.

Ina jiran amsar da za ta bar ni in ɗaga kai.

Iro


Gidan Rumji, 1 ga Disamba 1992

Zuwa ga Yaya Iro,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karanta takardarka sau uku, don na san ba ƙiyayya ta sa ka rubuta ta ba. Na haɗo maka da kwafin wadda Zainaba ta aiko mini. Ina roƙon ka karanta ta kafin ka ci gaba da tawa.

Don kada a ce na yanke hukunci ni kaɗai, na kai shawararka gaban Baba Chindo. Ya yi dariya har ya ajiye basilla. Ya ce sabuwar ƙwarya cikinta fari ne fat, ta tatsa kuwa maiƙo ya shige ta shekara da shekaru har ta yi ja tana ƙyalli. Ya ce manyan ba za su gane ba, amma matar da ke share mana ɗaki za ta gane tun daga ƙofa. Ya ƙara da cewa shekara arba'in yana ɗinke abin da ya fashe, bai taɓa ɗinke abin da aka fasa don a kawo masa ba, kuma ba zai fara da tsufa ba.

Amsata ba ta dogara ga tasa ba. Ko da ba mai ganewa, ba zan yi ba. Na yi wa matar nan kuskure ɗaya saboda ban tambaya ba. Abin da kake nema shi ne in yi na biyu bayan na sani.

Ɗan Kawu Tala ɗan'uwana ne kamar yadda yake naka. In bai je rugar ba, sakaina ba za ta ɗaure shi ba. In ya je, ɗinkin Baba Chindo ba zai wanke shi ba. Bara, lokacin Taron Ƙasa, an yi wata uku a Yamai ana faɗin abin da aka rufe shekara goma sha bakwai. Na gan ka manne da rediyo kana tafi. Ban ji an ce mutanen Yamai kaɗai aka yi wa izini ba.

Ga abin da zan yi, kuma na rubuta wa kwamiti haka da sa hannuna. Zan shimfiɗa tabarma a ƙasa, in jera goman a fashe, kowace da sakainarta a wuri ɗaya. Ta goma sha ɗaya za ta zauna a ƙarshe da geronta. Na aika wa Zainaba, ta ce za ta zo.

Makullin na kwamiti ne. Ranar da aka nema zan miƙa shi ba gardama. Ƙoran kuwa ba na kwamiti ba ne, ba nawa ba ne. Mai su ta faɗi yadda take so.

Game da Inna, zan je da kaina in gaya mata. Na san na jawo maka abin da ba ka nema ba, kuma wannan yana damuna fiye da yadda takarda za ta nuna.

Ƙanenka,
Nomau


Gidan Rumji, 20 ga Disamba 1992

Zuwa ga Yaya Iro,

Bayan gaisuwa, an ce rashin lafiya ya hana ka zuwa tare da tawaga. Allah ya ba da sauƙi. Tunda ba ka gani ba, ga abin da ya faru.

Ran Alhamis da la'asar wakilin kwamiti ya zo da takarda ya karɓi makulli. Na miƙa. Na ce masa akwai ajiyar wata mata a ciki, ya ce in fitar da ita, don ba a son a gan ta a ɗakin. Na fitar.

Ran Jumma'a da safe muka shimfiɗa tabarmar a ƙarƙashin itacen bedin da ke gaban ƙofa, ni da Baba Chindo da matan Gidan Sori, waɗanda suka kwaso faya-fayansu daga bango suka ce inda ƙoran suke nan za su zauna. Zainaba ta iso da hantsi, ta gyara jerin da na yi, don na haɗa sakainar mata biyu a wuri ɗaya. Na rubuta jimla biyu a allo: Duka an fasa su a kakar bara. Ta goma sha ɗaya, ni Nomau na sa aka ɗinke ba tare da na tambayi mai ita ba. Yawancin masu wucewa ba sa karatu, sai na riƙa faɗa da baki. Ka san ba ni da yawan magana. Ranar na faɗi jimlolin nan fiye da sau ɗari.

Jandarma biyu sun zo. Na nuna musu takardar kwamiti, wadda ta yi maganar ɗaki, ba ta yi maganar inuwa ba. Suka karanta, suka koma gefe suka tsaya. Tawaga ta iso, dole ta kewaye tabarmar kafin ta kai ƙofa. Mutum biyu sun tsaya. Sauran sun shiga wajen tantabaru.

Bayan an sauko daga masallaci aka fi taruwa. Wasu sun zage ni, ɗaya ya ambaci sunan Babanmu. Wasu sun tsuguna sun daɗe.

Inna ta zo a amalanke, ita da tsofaffi uku na garinmu. Ranar da na je gaya mata, abin da ta ce kawai shi ne ta ji. Ta bi tabarmar a hankali har ta kai ta ƙarshe, ta duba zanen, ta ce, "Wannan ai ta yarinyar nan ce mai wushirya, wadda ke kawo mana nono." Ta tambayi wanda ya zuba geron, aka gaya mata. Ba ta taɓa shi ba. Ta zauna kusa da Zainaba ta yi mata gaisuwar rasuwa, bayan shekara guda da wata biyu. Zainaba ta amsa yadda ake amsawa. Inna ta nemi sunayen masu sauran. Zainaba ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana faɗa. Inna ta san shida.

Da za ta hau amalanke na tambaye ta zancen rijiya. Ta ce ita ta riga su fara ɗibar ruwa a can, kuma ba wanda zai koya mata hanya.

Zainaba ta ce a riƙa fitar da su kowace ranar kasuwa har sai ta zo da kanta ta ɗauka. Na ce to. An gaya mini takardar sallamata tana hanya, kuma sakataren kwamiti ne ke sa hannu. Ka sa, Yaya. Ba zan riƙe ka da shi ba.

Ƙanenka,
Nomau


Gazawa, 23 ga Disamba 1992

Nomau,

Gaisuwa. Lafiyata lau, tun ran Jumma'ar ma lau nake.

An kawo mini takardar. Ban sa hannu ba. Sun sami wanda ya sa, sun kuma sami sabon sakatare.

Rukaiya ta duba ɗakinta, ta sami ɗinkakkun ƙorai biyu cikin waɗanda ta daɗe tana aunar hatsi da su. Ba ta san daga hannun wa suka fito ba, ni ma ban sani ba.

Ranar kasuwa ina tafe. Kawu Tala ya ce ba zai zo ba, amma ya tambaye ni ƙarfe nawa motar ke tashi. Ka bar wurin mutum biyu a bakin tabarmar.

Wanka,
Iro